Filawud: ina ganin “katakon gicciye” ya fi dacewa

'Yan'uwa masu kishin harshe, ga wata kalma da nake so mu tsayar da ita. Kafintoci sun daɗe da aron “filawud” daga Turanci (plywood), wato allon da ake yi da siraran fallayen itace, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai an ƙera wasu jiragen sama da shi, kuma mai rubuta tarihinsu yana buƙatar sunan da zai nuna wa mai karatu inda ƙarfin abin yake, don kada ya zaci falanki aka buga wa ƙusa ya tashi sama.

Mu duba yadda ake yin sa. Ana juya gungumen itace a kan inji, wuƙa tana feraye shi falle-falle. Sai a jera falle uku, ko biyar, ko bakwai, a shafa gam a tsakani, a danne da zafi. Sirrin yana wajen jerin: jijiyar kowane falle tana gitta ta wanda ke ƙarƙashinsa. Itace kuwa bin jijiya yake yi ya tsage. Da zarar an gitta, tsaga ta rasa hanya.

An kawo shawarar wasu sunaye, kamar “katakon manne”. Gaskiya ne ana manna shi, amma allon da ake yi da garin katako ma manna shi ake yi, ga shi ruwa kaɗan ya kumbura shi. “Katako mai hawa-hawa” ya yi tsawo, kuma bai faɗi komai a kan gittawar ba. Shi ya sa na tsaya kan katakon gicciye.

Ku gwada shi a jimla. A yaƙin duniya na biyu, kamfanin de Havilland na Ingila ya ƙera jirgin saman yaƙi mai suna Mosquito, wanda ya fara tashi a Nuwamban 1940. Gangar jikinsa katakon gicciye ne ciki da waje, da itacen balsa marar nauyi a tsakiya. Masu yin kujeru da kabad sun yi aikin sassansa da yawa, aka ƙera sama da 7,700, kuma yana cikin jirage mafiya gudu a zamaninsa.

A Amurka kuma, ƙarancin alminiyam ya sa Howard Hughes ya gina jirgin sama mai suna H-4 Hercules da siraran fallayen itace da aka gasa cikin gam. Inji takwas gare shi, faɗin fikafikansa ya haura mita 97. Sau ɗaya tak ya tashi, ranar 2 ga Nuwamba 1947 a Long Beach, ya yi kusan mil ɗaya a saman ruwa. Yanzu yana gidan tarihi a jihar Oregon. Motocin Marcos na farko a Ingila ma da katakon gicciye aka yi ƙashin bayansu.

Abin da ya rage mini shi ne falle guda kafin a manna shi. Ni “fallen itace” nake cewa. Malaman kafintoci, in kuna da sunan da kuke kiran sa da shi a bakin aiki, ku kawo, naku za mu bi.