Shawarwari ga ɗalibin da ke son bincike kan adana iskar haidirojin

Da muka tattauna da wasu malaman kimiyyar sinadarai kan wannan fanni, shawarar da ta fi yawa ita ce haƙuri. Sun kawo misalin Borislav Bogdanović na cibiyar Max Planck da ke Mülheim a Jamus. A 1997, shi da Manfred Schwickardi suka nuna cewa in aka sa ɗan titaniyam cikin sodiyam alanet, wani sinadari mai ɗauke da haidirojin, sinadarin yana sakin haidirojin ya sake shanye shi. A lokacin Bogdanović ya haura shekara 60.

Abin da ya fi kama ni shi ne gargaɗin da malaman suka yi kan awo. An taɓa yayata cewa ƙananan bututun kabon suna riƙe haidirojin mai yawa. A 2001 Michael Hirscher da abokan aikinsa suka gano cewa ɓurɓushin titaniyam ne da ya goge daga bakin na'urar girgiza samfur yake shanye iskar. Don haka malaman suka ce, ɗalibi ya maimaita awonsa, ya kuma aika samfur wani ɗakin gwaji kafin ya wallafa.

Batun yawan takardun binciken da ɗalibi zai wallafa kuwa, ba su daɗe a kansa ba.