Loda sauti cikin dikodar ƙaramin jirgin ƙasa: kowa ya faɗi abin da ya gani

Na Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ƙaramin samfurin kan jirgin ƙasa sikelin HO (wani ma'aunin girman irin waɗannan ƙananan jirage) mai dikodar sauti, wato 'yar na'urar da ke cikinsa tana karɓar umarni tana fitar da ƙarar jirgi. Jiya na ɗora shi a guntun layin da nake yin saiti, na fara loda masa sabon fayil ɗin sauti ina dawowa daga sallar Magariba. Har ladan ya kira Isha'i aikin bai kammala ba, kuma fayil ɗin bai wuce megabayit 14 ba. Abin da wayata take saukewa kafin in kurɓi shayi sau biyu. Abin ya dame ni sosai, don har na fara taya wata kwamfuta a kasuwa, ina zargin tawa ce ta tsufa. Wanda ya taɓa cin karo da wannan ya taimaka mana da abin da ya gani.

Malamin Lantarki, Ƙofar Ƙaura:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, riƙe kuɗinka, ba kwamfutar ba ce. Matsin yana kan ƙarafan layin nan guda biyu, domin su ne ke ɗaukar wuta kuma su ne ke ɗaukar saƙo. A ƙa'idar DCC (tsarin aika wa jirgi umarni ta ƙarafan layi) da ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa ta Amurka, NMRA, ta tsayar, ana aika saƙo da lambobin 1 da 0 da ake kira bit: lamba 1 guda tana cin mikrosakan 116, lamba 0 kuwa aƙalla 200. In ka lissafa, ba za ka samu bit dubu tara a sakan ba. An tsara abin ne don gajeren umarni: jirgi mai lamba 3 ya ƙara gudu, ya kunna fitila, ya yi hon. Ba a yi shi don jigilar sauti ba. Shi ya sa kowane kamfanin da ake loda wa dikodarsa sauti ya fito da na'urar lodinsa da nasa salon aikawa mai ɗan sauri, amma duk da haka saƙon sai ya bi ta layi, ya hau taya, ya ratsa 'yan siraran ƙarafan da ke goga tayar kafin ya isa dikoda. Ko ka sayo kwamfutar miliyan, ƙofar da za a bi ita ce dai wannan ƙunƙuntar. Ni nawa yakan ci wajen rabin awa in komai lafiya. Naka da ya wuce haka, akwai abin da ke tare hanya.

Dattijon Daura:
Malam ya faɗi gaskiya, ni kuma ƙura ce ta koya mini. Lokacin hunturun bara ina gina ƙaramar tashar Daura a ɗakin soro, tun da aka ce layin Kano zuwa Maraɗi ta nan zai bi na ƙudura wannan niyya. Sau uku ina lodi yana tsayawa a tsakiya, sai a sake daga farko. Ɗana ne ya goga farin ƙyalle a kan layin, sai ga baƙin zane biyu sun fito kamar an ja da gawayi, alhali da ido ƙarfen fes yake. Muka jiƙa ƙyalle da isopropil (sinadarin goge kayan lantarki) muka goge layi, muka kifar da kan jirgin a kan soso muka bi tayoyinsa ɗaya bayan ɗaya da tsinken auduga. Na huɗu ya wuce sumul. Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne ranar da aka ɗauke wuta saura ƙiris a gama. Jirgin ya yi tsit, ba hon ba ƙugi. Na kwana da zullumin ko dikodar ta ƙone. Alhamdulillahi da safe na sake lodawa ta tashi. Tun ranar ba na farawa sai na jona na'urar a inbata.

Uwar Gida, Sabuwar Unguwa:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni da yarana muke harkar, kuma namu jinkirin a wajen karanta CV yake, wato guraben da dikoda ke ajiye saitinta, da manhajar kwamfuta ta JMRI. Na ce ta karanto duk saitin dikodar, kan jirgin ya yi ta ɗan zabura a wuri ɗaya, ƙis, ƙis, har na gama tuƙa tuwo. Ƙaramin ya tsorata, ya ce jirgi ya lalace.

Malamin Lantarki, Ƙofar Ƙaura:
Hajiya, wannan zaburar ita ce amsar dikoda. A layin saiti ba ta da bakin magana, sai dai a tambaye ta, in amsar e ce ta ja wutar miliampiya 60 na milisakan 6 ta hanyar taɓa motar lantarkin da ke juya tayoyin jirgin. CV guda bit takwas ce, ana tambayar kowanne daban. Dikodar sauti kuwa CV ɗinta ɗaruruwa ne. Ki karanta shafin da kike bukata kaɗai, ki adana a kwamfuta. In na'urarki da dikodar suna da RailCom, tsarin da ke ba dikoda damar maido da amsa kai tsaye, ki kunna, karatun zai yi sauri nesa ba kusa ba.

Ɗan Rafindaɗi:
Ni na daina lodi ta cikin kan jirgi. Nakan zare dikodar in soka ta a allon gwaji, waya kai tsaye, babu taya babu ƙura. Masu dikodar kamfanin ZIMO kuma su gwada lodi ta SUSI, wata 'yar mahaɗar waya a jikin dikodar, ya fi na layi sauri sosai. Yaya na Ƙofar Marusa, ka duba ko akwai kapasitar ajiyar wuta a jirginka, wani lokaci tana hana ruwa gudu wajen saiti. Ka kuma hana kwamfutar yin barci, ka soka kebul ɗin na'urar lodin a jikinta kai tsaye ba ta marabar USB mai baki huɗu ba.

Na Ƙofar Marusa:
Allah ya saka muku da alheri. Yau bayan La'asar na goge layi da tayoyi kamar yadda Baba ya ce, ƙyallen ya yi baƙi ƙirin. Na cire kebul daga marabar, na jona inbata. Minti 34 ya ɗauka, bai tsaya ko sau ɗaya ba. Kapasitar ban taɓa ta ba tukuna, don an liƙe ta da dalma. Ɗan Rafindaɗi, dikodata mai fil 21 ce, allon gwajin naka yana karɓarta? In yana karɓa zan biyo ranar Asabar mu gwada mu ga bambancin minti nawa ne.