Labarin 'yar tsanar da ta ɓata: ya dace da ƙananan yara kuwa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin masu ilimin tarbiyyar yara. Akwai irin littattafan almarar nan da 'yar tsana ke ɓacewa, ta rayu, ta riƙa magana, ta faɗa wata duniyar kayan da aka manta da su, tana ta neman hanyar komawa wurin mai ita. A ciki akwai duhu, akwai kuma wani mugu mai tsince ɓatattun kaya yana kullewa. Za a iya karanta wa ɗan shekara 3 zuwa 5, ko a bari sai ya ƙara tasawa? Gudu nake yaro ya kwana da fargaba.

Malamar rainon yara:
Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Ɓatan 'yar tsanar kansa ba ya hana a karanta, amma ki san nauyinsa a zuciyar yaro. Donald Winnicott, likitan yara ɗan Ingila, ya yi bayani a 1953 cewa bargo ko 'yar tsanar da yaro ke liƙe wa tana tsaya masa a madadin uwa idan ba ta kusa. Shi ya sa idan ta ɓata a labari, rabuwa da uwa yake ji a ransa.

Saboda haka ki fara karanta littafin ke kaɗai, daga bango zuwa bango. Littafin hotuna yawanci shafi 32 ne. Ki ƙirga shafi nawa 'yar tsanar ta yi ita kaɗai kafin ta samu mai taimakonta. A ganina, ga ɗan shekara 3 ko 4, biyu zuwa uku ya isa. Idan kaɗaicin ya cinye rabin littafin, ajiye shi. Sai ki duba wa aka ɗora wa laifin ɓatan. Idan labarin ya nuna sakacin yarinyar ne ya jefa 'yar tsanar cikin wahala, yaro kan ɗauki laifin ya aza wa kansa. Ƙarshen ma ki duba. Idan an sake haɗuwa, madalla. Idan kuwa ta ƙare a hannun wani yaron daban, ko an saya sabuwa a madadinta, wannan na 'yan shekara 6 zuwa sama ne.

Mai nazarin halayyar yara:
Na yarda da Malama, sai dai ni zanen ya fi damuna fiye da kalmomin. Jean Piaget, masanin halayyar yara ɗan ƙasar Switzerland, ya nuna cewa ƙananan yara na ɗaukar abin da ba shi da rai tamkar yana ji yana gani, don haka 'yar tsana mai magana ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Abin da ke razana su shi ne kamannin abu. Binciken Joanne Cantor a Amurka ya nuna cewa yaran da ba su kai shiga firamare ba mummunar siffa ce ke tsorata su, ko da halittar mai kirki ce, haka kuma rikiɗa, wato abu mai kyau ya koma dodo a gaban idonsu. Ki duba hoton mugun nan da kyau. Ki duba ko akwai 'yar tsana mai ƙwaƙulallen ido ko tsinkakken hannu da aka zana ta cika shafi. Hoto ɗaya irin wannan ya isa ya dawo a mafarki.

Idan an mayar da labarin fim, hukuncin ya canza. Da littafi ke ce mai riƙe da murya da saurin buɗe shafi, a fim kuwa kiɗa da ƙara ne ke jan yaron.

Malamin laburare:
Hajiya, wani abu da ba a taɓo ba shi ne tsawon littafin. Da yawa daga irin labaran nan masu babi-babi ne, an rubuta su don 'yan shekara 7 zuwa sama, amma hoton 'yar tsana a bango kan sa iyaye su zaci na ƙanana ne. Babi kan ƙare a daidai lokacin da haɗari ya kai maƙura. Babban yaro zai iya jira zuwa gobe, ɗan shekara 4 kuwa a nan zai kwana, da 'yar tsana a kulle cikin duhu.

Idan gajere ne, karatun farko a yi shi da rana, yaron na jikinki, nasa abin wasan na hannunsa, kuma a gama a zama ɗaya, minti 10 ko ƙasa da haka. Ba laifi ki faɗa masa tun farko cewa za a same ta. Sanin ƙarshe ba ya rage wa ƙaramin yaro daɗin labari. Daga baya ki lura. Idan ya ce a sake karantawa, ya karɓa. Idan ya rufe littafin, ko ya shiga ƙirga kayan wasansa kafin barci, ko ya tambaya ko waɗanda aka zubar suna kuka, a ɗage shi sai bayan wata shida. Kada a ce masa "ai ƙarya ce kawai" a wuce. A gaya masa kayan wasa ba sa jin zafi ko tsoro, a labari ne kaɗai suke magana, sannan a nuna masa nasa suna nan inda ya ajiye su.