Lissafin Ricardo ya ƙi shiga kaina

Ɗalibar aji biyu:
Assalamu alaikum. Don Allah masana tattalin arziki ku agaza min, jarabawa saura kwana tara. Maganar Adam Smith na gane ta. A littafinsa na 1776 ya ce tela ba ya yi wa kansa takalmi, wajen baduku yake saya, to ƙasa ma ta riƙe abin da ta fi kowa iyawa, ta sayo sauran. Har ya ce Sikotilan za ta iya noman inabi a ɗakin gilashi, sai dai kuɗin giyar zai ninka na waje sau talatin. Inda na maƙale shi ne David Ricardo. A misalinsa Fotugal ta fi Ingila iya saƙa, ta kuma fi ta iya giyar inabi. To me za ta saya a wajenta? Na karanta shafin nan sau huɗu, kaina sai juyawa yake.

Malamin sakandare:
Wa alaikis salam, ƙanwata. Ɗauko biro, don alƙaluman Ricardo guda huɗu ne kacal, daga littafinsa na 1817. A Ingila, yadi yana cin aikin mutum 100 na shekara guda, giya tana cin 120. A Fotugal yadin nan mutum 90 ne, giyar kuma 80.

Yanzu ki daina gwada Fotugal da Ingila, ki gwada Fotugal da kanta. Idan ta sa mutum 80 suka yi giya, ta kai Ingila ta karɓo yadi, ta samu abin da da sai ya ci mata mutum 90. Ta tsira da goma. Ingila kuma ta ba da aikin mutum 100 ta karɓo giyar da za ta ci mata 120, ashirin sun huta. Tambayar Smith ita ce wa ya fi iyawa. Ta Ricardo kuwa, me za ka bari kafin ka yi wannan? Kafin su biyun, ra'ayin da ya fi ƙarfi a Turai shi ne arzikin ƙasa tulin zinariya da azurfa ne, ka sayar da yawa ka sayi kaɗan. Ki sa wannan a farkon amsarki, masu gyaran takarda suna son ganinsa.

Tela daga Fagge:
Ni ban yi nisa a boko ba, amma abin nan a shagona yake. Na fi yarona saurin ɗinka wando, na fi shi aikin wuya nesa ba kusa ba. Amma ana gobe sallah ba za ki ga na taɓa wando ba. Lokacin da zan ɓata a kan wando uku, na gama wuyan kaftani ɗaya, kuma kuɗinsa ya fi na wandunan. Sai in tura masa wandunan, ko da zai yi ta jan ƙafa yana warware kalmasa. Giyarsu ce dai ta rikita ki, ki mayar da ita wando.

Tsohon ma'aikacin masaƙa:
Malam, lissafinka ya fita a takarda. Mutum goman nan da ka ce an tsira da su, ina suka tafi? Shekara goma sha tara na yi a wata masaƙa a Kakuri. Ranar da aka rufe ƙofa, babu wanda ya ce mana ga gonar inabi ku koma. Wanda muke aiki a kan inji ɗaya da shi acaɓa ya koma, yana da shekara hamsin. Yau ku shiga Kantin Kwari ku juya bakin atamfa ku ga inda aka buga ta.

Malamin sakandare:
Baba, ba ka faɗi ƙarya ba. Ricardo ya ɗauka masaƙi zai tashi ya koma wata sana'a cikin ƙasarsa ba wahala, ya kuma ɗauka masu jari ba sa son kai kuɗinsu ƙasar waje. Na biyun nan yau ya rushe. Kuma cinikin yadi da giya ba kasuwa ce kaɗai ta tsara shi ba: yarjejeniyar Methuen ta 1703 ce ta buɗe wa ulun Ingila ƙofar Fotugal, ita kuma giyar Fotugal aka sassauta mata haraji ƙasa da ta Faransa da kashi ɗaya cikin uku. Bajamushe Friedrich List ya fito a 1841 ya ce masana'anta mai rarrafe sai an kare ta kafin ta miƙe. Shi Ricardo faɗansa da dokar hatsi ta 1815 ne, wadda ta takura shigo da hatsi daga waje, ta tsauwala wa talakan Ingila kuɗin burodi don masu gonaki su ci riba. Ya rasu a 1823, ba a soke ta ba sai 1846.

Ɗalibar aji biyu:
Na gode, Allah ya saka. Baba, Allah ya mayar da alheri. Wandon mai ɗinki ne ya buɗe min kai. Amma Malam, Ingila ta ci ashirin, Fotugal goma. Wa ya yanka wannan farashin?

Malamin sakandare:
Ricardo bai warware ba, John Stuart Mill ne ya zo ya ce ya danganta da wadda ta fi matsuwa da kayan 'yar'uwarta. Duba babin da ke gaba, in ya ƙi shiga ki dawo bayan isha'i.