Wace kafasita zan sa tsakanin ECC83 da EL84?

Ɗan koyo: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina haɗa amfilifaya mai bawul (kwalbar gilashi mai ƙara ƙarfin sauti, irin ta tsofaffin rediyo) a gida, bawul ECC83 a gaba, bawul EL84 a baya, wutar kuma ta kai volt 300. Rezistar giridin EL84 ɗin, wato inda sauti ke shiga cikinsa, 470k ce (kilo-ohm 470). Wace kafasita ta dace a tsakaninsu?

Baba mai gyaran rediyo: Wa alaikumus salam, ɗana. Aikinta shi ne ta bar sauti ya wuce, ta tare wutar DC da ke kan farantin ECC83, wato inda sauti ke fita daga cikinsa, kada ta kai giridin EL84, domin idan ta yi yoyo sosai, za ka iya ganin farantin EL84 ɗin ya yi ja kamar garwashi, kuma ba zai daɗe ba zai mutu. Saboda haka kada ka sa wadda juriyarta ta gaza volt 400, ni dai mai 630 nake saye, musamman idan diyod ɗin silikon ne ke mayar maka da wutar AC zuwa DC, tunda wutar takan hau gaba ɗaya kafin bawul ya yi zafi.

Injiniya: Baba ya faɗi gaskiya. Game da girma, 0.022µF tare da 470k tana fara rage sauti a wajen 15Hz, 0.047µF kuwa a wajen 7Hz, kuma kowace cikinsu ta wadatar. Kada ka ɗauka ƙarin girma ƙarin daɗi ne, domin idan akwai fidbak daga taransifomar fita, wato ana maido da wani ɓangare na sautin baya, babbar kafasita tana iya sa lasifika ta riƙa yin ɓut-ɓut. Ka nemi mai folifurofilin (wani nau'in roba), irin WIMA MKP ko Orange Drop 716P, ka bar masu ruwan sinadari da ƙananan seramik a wannan gurbi.

Ɗan koyo: Na gode, Injiniya. Wani ya ba ni shawarar kafasitocin K40Y-9, masu takarda da mai na zamanin Tarayyar Sobiyat.

Baba mai gyaran rediyo: Ina ƙaunarsu ƙwarai, amma tsofaffi ne, sai an gwada. Bayan ka liƙa ta, ka ɗora mita tsakanin giridin EL84 da ƙasa, wato layin sifili na amfilifayar, ya kamata ka ga kusan sifili. Idan wutar tana hawa a hankali, kafasitar yoyo take yi, cire ta nan take. Kuma don Allah, ɗana, ka sauke cajin manyan kafasitocin wuta ta hanyar rezista kafin ka sa hannu ciki, ko da ka zare fulogi.