Tambaya kan siffofin mutane a duwatsun Jubba da Shuwaimis

Aminu Madina:
Assalamu alaikum. Malamai, don Allah ina neman haske kan mutanen da aka sassaƙa a duwatsun Jubba da Shuwaimis na yankin Ha'il a ƙasar Saudiyya. Wasu dogaye ne riƙe da baka, wasu 'yan mitsi-mitsi kamar an jera tsinke. Da me ake gane wanda ya girmi wani? Kuma yaya ake sanin namiji ne ko mace, mutum ne ko abin bauta?

Malam Sani Jidda:
Wa alaikumus salam. Malam Aminu, fara duba dabbar da ke gefen mutumin. Manyan nan da ake kira salon Jubba, waɗanda wasunsu kan kai tsayin mutum, suna tare da shanu masu dogon ƙaho da karnuka da namun daji. Saniya ba ta zama inda babu ruwa, don haka na zamanin danshi ne, kafin ƙasar ta bushe wajen shekara 6,000 da suka wuce. Ɗan tsinken da ke bisa raƙumi kuwa ƙanensu ne nesa ba kusa ba, tunda ba a fara kiwon raƙumi ba sai wajen shekara 3,000 baya, kuma sau da yawa akwai rubutun Samudawa a gefensa.

Amma zama kusa da juna ba ya nuna sa'anni ne. Duba inda layi biyu suka haɗu: wanda ya yanke ɗan'uwansa shi ne aka sassaƙa daga baya. Sai launi. Dutsen hamada na yin baƙin rufi na tsatsar ƙarfe da manganis. Sabuwar sassaƙa tana haske, tsohuwa ta rine ta koma kalar dutsen. Kwatanta launi a fuska ɗaya kawai, domin gefen da ke shan rana da iska ba ya rinewa daidai da na inuwa.

Hajiya Rabi Makka:
Ƙanena, inda aka fi yin ɓaram-ɓarama shi ne saurin raɗa suna. Da ka rubuta "sarki" ko "boka" a takarda, shi ke nan idonka ya daina gani. Rubuta abin da ke jikin dutsen: tsayi da santimita, siffar kai, fuskantarka yake ko ya ba da gefe, me ke hannunsa, ƙwanƙwasa shi aka yi da dutse ko karce. Emmanuel Anati, wani masanin zanen duwatsu, ya fitar da rukuninsa na siffofi "masu kai kamar ƙwai" a 1968 daga hotunan wata tawagar da ta ratsa ƙasar a 1951 zuwa 1952, bai tsaya gaban duwatsun ba, shi ya sa na bayansa suka yi ta ja da shi.

Batun jinsi kuma, ba kowane layin da ya fito daga ƙugu ne alamar namiji ba. Yana iya zama warki, ko jelar fata, ko igiya. Wata mai bincike, Maria Guagnin, da abokan aikinta sun ƙirga karnuka 349 a wuraren biyu, wasu da igiya ɗaure a ƙugun maharbi. Ko a sassaƙar duwatsun Tanum ta ƙasar Suwidin, kuben takobi kan rikita mai kallo haka. Ware gida uku: namiji, mace, da wanda ba a tantance ba. Kar ka ji kunya in na ukun ya fi cika.

Usman Ha'il:
Ƙari kan na Hajiya: da tsakar rana sassaƙa marar zurfi ɓacewa take yi. Ɗauki hoto da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da haske ke shafar dutsen a karkace. Ajiye ma'aunin santimita 10 a gefe, ka tsaya daidai gaban fuskar dutsen, in ba haka ba gajere sai ya fito dogo. In hoto mai tudu da kwari kake son haɗawa a kwamfuta, kowane hoto ya hau kashi biyu cikin uku na wanda ya gabace shi. Tsagar dutse ta asali gefenta na da kaifi, babu ɗigon ƙwanƙwasa a cikinta, kar ka ƙirga ta a hannu ko ƙafa.

Ban da shafa wa sassaƙar alli, ban da zuba mata ruwa, suna lalata rufin da ake auna shekaru da shi. Wurin yana cikin kundin wuraren tarihi na duniya na UNESCO tun 2015, aikin bincike sai da izinin Hukumar Kayan Tarihi.