Musayar waƙa: Samurai a fili, FIFA a kan kuɗi

Sha'irin Fagge
Salamu alaikum 'yan zaure. Na buɗe fage da ƙwar huɗu a kan Samurai, wato 'yan ƙwallon ƙasar Japan, da gasar kofin duniya ta 2026, amsa-amon waje "wa".

A Saitama Samurai suka yi rana,
Kamada da Kubo suka ba da ma'ana,
Bahrain ta sha 2-0 ba magana,
Gurbin 2026 ba jira ba tsayawa.

To amma FIFA ta kafa farashi,
Wasa 104, ga tsada ga bashi,
Tikiti in an so shi sai a ɗaga shi,
Mai son ƙwallo na waje yana tsayuwa.

Ka sayar a shafinta, ta yanki kaso,
15 cikin 100 ko ba ka so,
Mai saye ma 15 za ta tatso,
Gaba da baya take ci ba ragawa.

Na-Damagaram
Yayana na Fagge, sassauta kuka,
Kuɗin da kake zagi su ne suka shuka,
J.League ta Japan da ƙungiya 10 ta fara harka,
Yau 60 ne a rukuni uku ke fafatawa.

Tashar DAZN ta zuba yen biliyan 210,
Daga 2017 kwangilar ta soma,
Da kuɗi Kawasaki ta riƙe Mitoma,
Har Brighton ta zo da tayin ɗaukewa.

Gimbiyar Baiti
Ƙanena, Mitoman da ka ambata,
Ya zura wa Ostareliya 2 a gidanta,
Daren da Japan ta kama gurbinta,
Tashar kyauta babu mai nunawa.

Sai wanda ya biya DAZN kuɗin wata,
Yaron da gidansu ba su yi rajista,
Labari ya ji, ƙwallo bai gan ta,
Ta ina zai koyi son bugawa?

A Sydney aka yi, Maris 2022. Da aka je kofin duniya a Qatar kuma tashar intanet ta ABEMA ta nuna wasanni 64 kyauta, har mai waya a jirgin ƙasa ya ga yadda aka ci Jamus da Sifaniya. Ashe ana iyawa.

Ɗan Kurmi
Hajiya Gimbiya, Allah ya ƙara basira! An rufe bakin mai kare 'yan kasuwa. Na-Damagaram, tattara ka koma gida.

Malam Aruli
A yi haƙuri, kafin tafi a auna. Na-Damagaram, karanta lambobinka da baki. "Daga 2017 kwangilar ta soma" gaɓa 16 ne, ɗangon da ke bin sa 13. Baitin ɗingishi yake. Kai ma na Fagge, "kaso" da "so" sun tafi tare, amma "tatso" da tsa ya ƙare. Amsa-amon cikin ya karye.

Na-Damagaram
Malam Aruli mai awon gaɓa,
Ko baiti ɗaya ba mu ga ka zuba,
Sai ƙirgen yatsu da yawan duba,
Sako naka mu ga iyawa.

Malam Aruli
"Gaɓa" da "zuba" ma ba su haɗu ba, ɗana. Ga nawa, gaɓa takwas-takwas, ka ƙirga:

Urawa ta je Amurka,
Sau uku tana shan duka,
Masoya sun biya duka,
FIFA tana ta ƙirgawa.

Kawasaki ta je Jidda,
Su Ronaldo duk ta kada,
Al-Ahli ce ke da fada,
Kofi sai ya ƙi tahowa.

Gasar ƙungiyoyi ta duniya ta 2025 nake nufi, mai ƙungiya 32 da ladan dala biliyan 1. River Plate ta ci Urawa 3-1, Inter 2-1, Monterrey 4-0, ana tsakiyar kakar J.League, magoya baya sun bi ta Seattle sun gangara Pasadena. Na Jidda ya fi min ciwo. An tattara wasannin kofin zakarun ƙungiyoyin Asiya tun daga zagayen 'yan takwas a birni ɗaya, wasa ɗai-ɗai, ba gida da waje. Kawasaki ta ci Al-Nassr 3-2, ta je wasan ƙarshe ta tarar da Al-Ahli a gaban jama'arta, aka tashi 2-0.

Sha'irin Fagge
Malam, kunne ke hukunci a waƙa, kuma a rerawa "tatso" na zaunawa daram. Na-Damagaram kuwa ya tsallake zancena na tikiti ya faɗa J.League. Ga misali: tikitin dala 200 a shafin sake sayarwa, mai sayarwa ya karɓi 170, mai saye ya biya 230, 60 ta shige aljihun FIFA a kan kujerar da ta riga ta sayar. Wane yaro wannan kuɗin ya raina a Kawasaki?

Ɗan Kurmi
Malam Aruli ya iya ƙirga, amma ba zafi a baitinsa. Gimbiya har yanzu ke gaba.

Gimbiyar Baiti
Ku bar rigimar gaɓa haka nan, ga wata a kan gasar 2026:

An yanka hutun ruwa minti 3,
A kowane rabi, ina tambayar ku,
Dallas da rufi, wace rana ta dame ku?
Gurbin talla ne ake buɗewa.

Ƙungiya mai matsi irin ta Moriyasu, mai horon da ya kai Japan gasar 2026, gudu da numfashi take cin wasa da su. Ka tsayar da wasa a tsakiyar rabi, ka bai wa abokin karawa damar shan iska da gyara tsari.

Baban Zaure
Na makara, sai yanzu na karanta. Tunda an ambaci Moriyasu:

Ku bar FIFA, ku tambayi mai horo,
Gaban Croatia wa ya cika da tsoro,
Bugun fanareti ya bar wa mai ƙwazo da yaro,
Wai mai so ya ɗaga hannu ya zo bugawa.

Minamino, Mitoma da Yoshida duk Livakovic, golan Croatia, ya tare, Asano kaɗai ya ci. Sau huɗu ke nan ana tsayawa a zagayen 'yan 16: 2002, 2010, 2018, 2022.

Malam Aruli
Baba, ɗangonka na uku ya yi tsawo.

Na-Damagaram
Baba, da girmanka, ka rage zargi,
Jamus da Sifaniya ya sa su a jirgi... 

A'a, Jamus kaɗai ta koma gida a rukuni, bari in sake:

Baba, Moriyasu ba ya neman yabo,
Brazil na 2-0 ya canza salo sabo,
Minamino, Nakamura, Ueda suka ci rabo,
3-2 a Tokyo, karon farko na kayarwa.